Ciwon 'Yan Aljihunan Babban Hanji: Tambayoyi da Amsoshi

Wane irin ciwo ne wannan?

Idan shekaru suka ja, bangon babban hanji yakan yi rauni a wasu wurare, sai ya ɓullo waje ya yi 'yan aljihuna, kamar yadda tsohon tub ɗin keke yake kumburowa inda taya ta ci. Likitoci suna kiransa daibatikulosis. Mutane da yawa suna ɗauke da shi ba su sani ba. Matsala takan taso ne idan aljihun ya kumbura ko ya yi jini: ciwo a ƙasan ciki, galibi ta hagu, da zazzaɓi da tashin zuciya.

Ba ciwon Turawa ba ne?

Da can haka aka ɗauka. A 1971 likitoci biyu 'yan Birtaniya, Neil Painter da Denis Burkitt wanda ya daɗe yana aiki a Yuganda, suka lura ciwon ya yi yawa a Turai amma da wuya a gan shi a ƙauyukan Afirka, suka danganta hakan da abinci mai dusa da ganye. To mu fa yanzu? Karin kumallo burodi da shayi, rana taliya ko farar shinkafa, dare tsire. Hatsin ma sai an surfe shi tas, a ba awaki dusar. Abin da ke tausasa bayan gida shi muke zubarwa, kuma wannan yana damuna ƙwarai.

Me ya kamata a ci?

Abin da Bazazzagi ya gada. Faten tsaki da rama ko yakuwa, kwaɗon zogale, ɗanwake, alale, miyar kuka da kuɓewa, tuwon dawa ko gero da ba a yi wa surfe mai tsanani ba, gwaba da gwanda. Babba yana buƙatar giram 25 zuwa 30 na faiba (wato dusa da zaren abinci da ciki ba ya narkarwa) a rana, kofi ɗaya na dafaffen wake kuwa yana ba da kusan 11. Sai dai a ƙara a hankali cikin 'yan makonni, in ba haka ba ciki zai cika da iska. A yawaita ruwa. Mai azumi ya raba shansa tsakanin buɗa-baki da sahur. Jan nama a rage.

An ce a guji gyaɗa da gugguru?

Tsohuwar magana ce. Wani bincike a Amurka da aka fitar a 2008, kan maza sama da 47,000, bai ga sun ƙara haɗarin ba. A ci.

Ban da abinci fa?

Tafiyar ƙafa kullum, rage ƙiba, barin taba, da daina riƙe bayan gida. Sannan a kiyayi sayen ibuprofen da diclofenac a kemis don ciwon gwiwa ba tare da shawarar likita ba, domin suna ƙara haɗarin zubar jini da hujewar hanji. Dattawanmu ne suka fi shan su, su ne kuma ciwon ya fi kamawa.

Idan ciwon ya motsa?

Nan lissafi ya juya. Likita yakan ce a dakata da wake da ganye na 'yan kwanaki, a koma kan koko da romo har hanji ya lafa. Amma jini a bayan gida, ko zazzaɓi da ciwon da ke ƙaruwa, ba na zaman gida ba ne. Kada a ce basir ne a kama jiƙo, don kansar hanji ma tana zuwa da jini. A nufi asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya, likita ya duba ya faɗi hoton da za a yi.