Bin Diddigin Kuɗin Gwamnati a Birtaniya: Tallafin Haraji da Kwangilolin Ma'aikatar Shari'a

Bin diddigin kuɗin gwamnati a Birtaniya tsari ne da majalisar dokoki ke bi don tilasta wa ma'aikatu su yi bayanin yadda suka kashe kuɗin da aka ware musu, da abin da kuɗin ya haifar. Tsakanin 2013 da 2019 tsarin ya sha gwaji a fannoni biyu da suka shafi marasa ƙarfi kai tsaye: tallafin haraji da ake biyan iyalai masu ƙaramin samu, da ayyukan da Ma'aikatar Shari'a ta ba kamfanoni masu zaman kansu. A duka biyun gwamnati ta miƙa aiki ga ɗan kwangila, ta ɗaura ladansa a kan wani adadi da ake ƙirgawa, sannan ta gaza duba abin da ke faruwa a bayan adadin.

Masu binciken da yadda suke aiki

Ginshiƙan tsarin uku ne. Na farko shi ne Kwamitin Asusun Gwamnati na majalisar wakilai, wanda aka kafa a 1861 lokacin da William Gladstone ke riƙe da Baitulmali. A al'ada ɗan jam'iyyar adawa ne ke shugabantarsa. Meg Hillier ce ta riƙe kujerar daga 2015 zuwa 2024. Na biyu shi ne Babban Mai Binciken Kuɗi, muƙamin da dokar 1866 ta samar, wanda ke jagorantar Ofishin Binciken Kuɗi na Ƙasa da dokar 1983 ta kafa. Majalisa yake yi wa aiki, kuma doka ta ba shi ikon ganin takardun kowace ma'aikata. Na uku shi ne jami'in da alhakin asusu ke wuyansa a kowace ma'aikata, wanda yawanci babban sakatare ne. Shi ke sa hannu a kan asusun shekara, shi kuma ke zama gaban kwamiti ya amsa tambayoyi. Idan minista ya nace a kashe kuɗi ta hanyar da jami'in yake ganin ba ta dace ba, jami'in na iya neman umarni a rubuce, takardar kuma ta isa hannun mai binciken kuɗi.

Yadda aikin ke tafiya: ofishin bincike ya fitar da rahoto bayan ya daidaita alƙaluma da ma'aikatar da abin ya shafa, kwamiti ya kira jami'ai zaman sauraro a bainar jama'a, ya rubuta shawarwari, gwamnati ta mayar da amsa a rubuce ta hannun Baitulmali tana faɗin wadda ta karɓa da wadda ta ƙi. Kwamitin ba ya tsoma baki kan ko manufa tana da kyau, kuma ba shi da ikon hukunta kowa. Najeriya da Ghana sun gaji wannan fasali, shi ya sa su ma suke da babban mai binciken kuɗi da kwamitin asusu a majalisunsu.

Tallafin haraji da bashin da yake haifarwa

Duk da sunansa, tallafin haraji ba ragin haraji ba ne. Kuɗi ne da aka riƙa turawa asusun bankin iyali duk mako ko duk mako huɗu. An soma shi a Afrilun 2003 a ƙarƙashin dokar 2002, lokacin Gordon Brown yana ministan kuɗi, kuma kashi biyu ne: na masu aiki da albashinsu bai taka kara ya karya ba, da na masu renon yara. Hukumar tara haraji ce ta riƙa biya, wadda daga 2005 ake kira HMRC.

Matsalar tana cikin ginin tsarin tun daga tushe. A lokacin, ana lissafa haƙƙin mutum a kan abin da ya samu a shekarar haraji, daga 6 ga Afrilu zuwa 5 ga Afrilun da ke biye, amma ana biyansa tun shekarar ba ta ƙare ba, bisa ƙiyasi. Bayan shekara ta rufe sai ya sabunta takardunsa kafin 31 ga Yuli, a gwada ƙiyasi da ainihin abin da ya samu. Wanda ya sami ƙarin awannin aiki, ko ɗansa ya bar makaranta, ko kuɗin renon yaronsa ya ragu, ko ya sami abokin zama bai sanar da wuri ba, sai a wayi gari ana binsa bashi. A shekarar farko kaɗai an biya iyalai kusan miliyan 1.9 fiye da haƙƙinsu, jimillar kusan fam biliyan 2.2. Kwamfutar da kamfanin EDS ya gina ita ma ta ba da matsala, har a 2005 kamfanin ya amince da biyan diyyar fam miliyan 71.25.

Don rage bashin, gwamnati ta sa wani adadi na ƙarin samu da ake kau da kai a kansa. Da farko fam 2,500 ne, a 2006 aka ɗaga shi zuwa fam 25,000, daga baya aka yi ta zaftare shi: fam 10,000 a 2011, fam 5,000 a 2013, ya koma fam 2,500 a 2016. Rage shi na nufin ƙarin samu kaɗan ma na iya jefa iyali cikin bashi. Shekara bayan shekara Babban Mai Binciken Kuɗi ya riƙa ƙin amincewa da asusun hukumar ɗari bisa ɗari saboda yawan kuskure da zamba a wannan tallafi. Wannan matsin lamba ne ya kai hukumar ga neman ɗan kwangila.

Kwangilar Concentrix

A Mayun 2014 HMRC ta ƙulla yarjejeniyar shekara uku da Concentrix, reshen wani kamfanin Amurka, don ya binciki takardun masu karɓar tallafi. Aiki ya fara a Nuwamba, galibi daga birnin Belfast. Ladan kamfanin kamasho ne daga kuɗin da ya ceto wa gwamnati, wato gwargwadon tallafin da ya tsayar ko ya rage. An yi hasashen ceto fam biliyan 1.

Babban abin da ake farauta shi ne wanda ya ce shi kaɗai yake renon yara alhali yana zaune da miji ko mata. Hukumar ce ke miƙa sunayen waɗanda ake zargi, kamfanin kuma ya ƙara tace su ta hanyar gwada bayanansu da na kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin mutane. Idan wani suna na daban ya bayyana a adireshin mai karɓar tallafi, sai a aika masa wasiƙa a ba shi kwana 30 ya kawo hujja: takardun banki, yarjejeniyar haya, takardun wuta da gas. Idan hujja ba ta iso ba, ko ta iso ba a buɗe ta cikin lokaci ba, a tsayar da kuɗi.

A nan ɓarnar ta faru. Bayanan adireshi ba sa bambanta miji da tsohon ɗan haya, ko ɗan'uwa, ko wanda ya riga mu gidan gaskiya. 'Yan majalisa sun kawo ƙorafin mata da aka zarga da zama da mamaci, da wadda aka ɗauki sunan wani kanti da ke cikin takardar bankinta a matsayin sunan namiji. Kuma an ɗora wa mace nauyin tabbatar da cewa wani mutum ba ya kwana a gidanta, abin da ba shi da takardar shaida ko a ina. Ga uwar da tallafin nan shi ne cefanenta na mako, tsayar da shi na wata guda yana nufin bashin haya da zuwa layin karɓar abincin sadaka.

Alamun gazawa sun bayyana tun da wuri. Ofishin binciken kuɗi ya gano cewa daga Nuwamban 2014 zuwa Satumban 2015 kamfanin ya cika ma'aunai 104 ne kawai cikin 242 na ingancin aiki da aka gindaya masa. Maimakon a janye, a Oktoban 2015 aka sake zaman yarjejeniya: aka ɗaga kamasho daga kashi 3.9 cikin ɗari zuwa kashi 11, aka kuma sauke hasashen ceto zuwa fam miliyan 405. A Agustan 2016, bayan wa'adin sabunta takardu, wasiƙu da tsayar da biya suka haɗu a lokaci guda, kiran waya ya fi ƙarfin ma'aikatan da ke akwai, dubban mutane suka kasa samun wanda zai saurare su. Ranar 13 ga Satumba hukumar ta sanar cewa ba za ta sabunta kwangilar ba, a Nuwamba kuma aka soke ta gaba ɗaya, wata shida kafin wa'adinta. HMRC ta karɓi takardu 181,000 da ba a kammala ba, ta kwaso ɗaruruwan ma'aikatanta daga wasu ayyuka don su warware su.

Rahoton ofishin bincike na Janairun 2017 ya ba da lissafin ƙarshe. Kamfanin ya tsayar ko ya sauya tallafi a kusan kashi 12 cikin ɗari na takardun da ya bincika, kuma kusan kashi 32 cikin ɗari na waɗannan hukunce-hukunce an warware su da aka sake dubawa. Abin da aka ceto kusan fam miliyan 193 ne, ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na hasashen farko. An biya kamfanin fam miliyan 32.5, shi kuma ya ce ya yi asarar fam miliyan 20.5. Diyyar da aka ba waɗanda aka zalunta zuwa tsakiyar Disambar 2016 ba ta kai fam 90,000 ba gaba ɗaya, adadin da ya yi matuƙar ƙanƙanta idan aka dubi yawan gidajen da abin ya taɓa. Kwamitin ayyuka da fansho, ƙarƙashin Frank Field, ya ɗora laifi a kan hukumar da kamfanin duka biyu, domin hukumar ce ta zana hanyar aikin, ita ce kuma ta miƙa sunayen.

Akwai wata mahaɗa da fannin shari'a da ba a cika lura da ita ba. Daga Afrilun 2014, an wajabta wa wanda bai yarda da hukunci kan tallafinsa ba ya fara neman hukumar ta sake dubawa kafin ya je kotun ɗaukaka ƙara. Shekara guda kafin nan, a Afrilun 2013, dokar rage tallafin lauya ta fara aiki a Ingila da Wales, ta cire galibin ƙararrakin tallafin jin daɗin jama'a daga cikin waɗanda gwamnati ke biya wa lauya. Don haka mutanen da Concentrix ya yanke wa kuɗi sun tarar ƙofar neman shawarar lauya kyauta ta ƙuntata, sai ofisoshin ba da shawara na sa-kai da ofisoshin 'yan majalisarsu. Tun a 2014 ofishin binciken kuɗi ya ce Ma'aikatar Shari'a ta yi wannan ragi ba tare da ta auna nauyin da zai koma kan wasu sassan gwamnati ba.

Kuɗin Ma'aikatar Shari'a

A Ingila da Wales kotu kan sa wa mai laifi na'ura mai kama da agogo a idon sawu, don a tabbatar yana gida a awannin da aka ƙayyade masa, wani nau'i na ɗaurin talala. A 2013 kamfanonin G4S da Serco ne ke riƙe da kwangilar. A Yulin 2013 ministan shari'a Chris Grayling ya shaida wa majalisa cewa an riƙa cajin gwamnati kuɗin sa ido kan mutanen da suka koma kurkuku, da waɗanda suka bar ƙasar, har da waɗanda suka mutu. Dalili shi ne ana lissafin kuɗi a kan umarnin kotu da ke buɗe a takarda, ba a kan na'urar da ke ƙafar mutum ba, ma'aikatar kuma ta shafe shekaru tana biya ba ta gwada biyun ba. Serco ya mayar da fam miliyan 68.5, G4S ya mayar da fam miliyan 108.9. Hukumar binciken manyan zambar kuɗi ta ci gaba da nata aikin, inda a 2019 wani reshen Serco ya amince da tarar fam miliyan 19.2, a 2020 kuma reshen G4S ya amince da fam miliyan 38.5, bisa yarjejeniyar jingine gurfanarwa.

Gyaran da aka yi wa aikin kula da masu laifi a wajen kurkuku ya fi wannan tsada. A 2014 aka rushe hukumomin yankuna 35 da ke wannan aiki, aka raba shi biyu: hukumar gwamnati ta riƙe masu laifi mafi haɗari, sauran aka ba kamfanoni 21 da suka koma hannun 'yan kasuwa a Fabrairun 2015. Wani ɓangare na kuɗinsu ya dogara da yawan aikin da kotuna suka turo, wani kuma da raguwar masu komawa ga laifi. An yi wannan a faɗin ƙasar a lokaci guda ba tare da cikakken gwaji ba. Aikin da kotuna suka turo bai kai hasashe ba, kuɗin shiga ya faɗi alhali hayar ofis da albashi ba su ragu ba, sai kamfanonin suka rage ma'aikata, har wasu masu laifi suka koma ana tuntuɓarsu ta waya kawai. A Fabrairun 2019 kamfanin Working Links ya durƙushe. A Maris ofishin bincike ya ƙiyasta cewa gyaran kwangilolin da yanke su kafin lokaci zai ci aƙalla ƙarin fam miliyan 467 a kan abin da aka tsara. A Mayu minista David Gauke ya sanar da dawo da aikin hannun gwamnati, aka kammala haɗewar a Yunin 2021.

Iyakar tsarin

Binciken majalisa ya fito da alƙaluma masu inganci a fili, ya kuma taimaka wajen dawo da kuɗi masu yawa a badaƙalar na'urar ƙafa. Rauninsa shi ne lokaci. Rahoton Concentrix ya fito wata biyu bayan an soke kwangilar, kuma waɗanda suka fara tayar da ƙura 'yan majalisa ne da 'yan jarida da masu tallafin da kansu. Kamfanoni masu zaman kansu ba sa ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai kai tsaye, ma'aikatu kuma kan fake da sirrin kasuwanci su ɓoye sharuɗɗan kwangila. Jami'in da ya sa hannu sau da yawa ya bar kujerar kafin ranar amsa tambaya ta zo. Sannan ma'aunan da ake sa wa ɗan kwangila kan ƙirga kuɗin da aka ceto ko adadin mutanen da aka yi wa rajista, alhali wahalar wanda aka yanke wa tallafi bisa kuskure ba ta da layi a cikin asusu.

An rufe tsarin tallafin haraji baki ɗaya ranar 5 ga Afrilun 2025, bayan an mayar da masu karɓarsa kan sabon tsarin tallafi mai suna Universal Credit da Ma'aikatar Ayyuka da Fansho ke gudanarwa. Bashin rarar biya da ake bin iyalai bai mutu da tsohon tsarin ba: an miƙa shi ga ma'aikatar, wadda ke cire shi kaɗan-kaɗan daga sabon tallafin duk wata.