Zanen 'Yantar da Bayi na Thomas Nast

Wannan zane ya fito ne a mujallar Harper's Weekly ta birnin New York ranar 24 ga Janairun 1863, mako uku da 'yan kwanaki bayan sanarwar Shugaban Amurka Abraham Lincoln ta 'yantar da bayin jihohin Kudu masu tawaye ta fara aiki, ana tsakiyar yaƙin basasar ƙasar. Mai zanen, Thomas Nast (1840–1902), haifaffen Landau ne a Jamus, amma a Amurka ya girma.

A tsakiyar zanen akwai da'ira mai nuna iyalin baƙar fata a cikin ɗakinsu, kewaye da murhun ƙarfe da aka rubuta wa sunan Tarayya (Union), wato ɓangaren gwamnati da jihohin Arewa a yaƙin. Maigida na wasa da ƙaramin ɗansa a kan cinya, uwargida na kusa da murhu, sauran 'yan gida na kallo. Ɓangaren hagu zamanin bauta ne: kasuwar gwanjon bayi, mace ana mata bulala, namiji ana ɗora masa ƙarfe mai zafi, da waɗanda suka gudu ana farautarsu a fadama. A dama kuwa uwa ce ke sallamar yara zuwa makarantar gwamnati, ga kuma ma'aikaci yana karɓar albashinsa.

Hikimar Nast ita ce sanya gida a tsakiya. Dokokin Kudu ba su san da auren bayi ba, ubangida na iya sayar da miji gabas, mata yamma, ɗa kuma inda ciniki ya faɗa. Don haka uba da ɗansa a cinya, babu mai iko ya raba su, magana ce babba ga masu karatun lokacin, waɗanda galibinsu Turawan Arewa ne. A 1865 an sake buga zanen a Philadelphia, aka ƙara hoton Lincoln a ƙarƙashin da'irar.

Sai dai abin da ya biyo baya bai kai kyan zanen ba. Bayi kusan miliyan 4 ne suka sami 'yanci, da yawansu kuma suka shafe shekaru suna cigiyar iyaye da 'ya'ya a jaridu irin su Christian Recorder. Wasu jihohin Kudu sun yi dokokin da suka ba tsoffin iyayengiji damar riƙe yara da sunan koyon sana'a. A Oktoban 1874 Nast ya sake zana iyalin baƙar fata a mujallar: miji da mata durƙushe da gawar jaririnsu, makaranta na ci da wuta a baya, 'yan White League da Ku Klux Klan, ƙungiyoyin farar fata masu gallaza wa baƙar fata, na musabaha a samansu.