Kwamfuta ta ƙi tashi: yadda ake ceto abin da ke cikinta

Ta ƙi tashi, ke nan takarduna sun tafi?

Galibi a'a. Takardu da hotuna suna kan faifan ajiya ne, kuma yakan zauna lafiya ko da sauran injin ya lalace. Abin da ya fi hallaka su shi ne gaggawar sa sabon Windows. In za ka kai ta wurin mai gyara, ka faɗa masa tun a bakin shago: a kwafe tukuna, kada a goge komai.

Ko fitila ba ta kawowa. Me zan fara?

Cire caja, cire batir in mai fita ne, danne maɓallin kunnawa daƙiƙa 30, sannan ka mayar da caja kaɗai. Gwada wata caja mai ƙarfi iri ɗaya, domin wutar da ke ɗaukewa tana dawowa da ƙarfi takan kashe caja kafin ta taɓa injin. In fanka na juyawa amma fuska baƙa ce, zare RAM, siririn katin ƙwaƙwalwar aiki da ke cikin injin, share ƙafafunsa, mayar da shi har ya kama. Ƙurar hunturun Maradi kaɗai ta isa ta jawo wannan.

Tana kunnuwa amma Windows ba ya buɗewa fa?

Shiga BIOS, shafin saitin injin da ke zuwa kafin Windows: da kunnawa danna F2 a Dell, F10 a HP. Duba ko sunan faifan ya fito. In kwanan wata ya koma baya, ƙaramin batirin babban allon cikin injin (motherboard) ne ya mutu, CR2032 a yawancin injuna, kuma mutuwarsa kan birkita tsarin tashi.

In faifan ya fito, kwafe kafin gyara. A wata kwamfuta, sa Ubuntu, wani tsarin aiki madadin Windows, a kile USB mai giga 8 da manhajar Rufus. Soka shi a kwamfutar da ta lalace, da kunnawa danna F12 a Dell ko F9 a HP, ka zaɓi gwada Ubuntu, ba girka shi ba. Nan fa a kula, girkawa na iya shafe faifan. Buɗe babban fayil ɗin Users, kwashe naka zuwa wani faifai na waje.

In injin ya mutu ɗungurungum, a ciro faifan a haɗa shi da wata kwamfuta ta igiyar SATA zuwa USB. Siririn nan na M.2 akwatinsa daban ne. Windows na iya cewa sai an yi wa faifan fomatin, wato a goge shi: ka ƙi.

Faifan ya nemi wasu lambobi kafin ya buɗe?

BitLocker ke nan, tsarin Windows na kulle faifai. Makullinsa lambobi 48 ne, sau da yawa suna cikin asusun Microsoft da aka buɗe injin da shi. In babu su, babu mai gyaran da zai buɗe maka. Mai sayen kwamfuta ta hannu ya binciki wannan tun tana aiki.

Faifan na ƙara ƙyas-ƙyas?

Kashe ta nan take. Allurar karatu ce ke bugawa, kowace kunnawa tana iya ƙara karce farantin. Kada a buɗe murfinsa, kada a sa shi a firji, kada a yi masa chkdsk, umarnin Windows na gyaran faifai. In yana ɗan karantuwa, ƙwararre ya ɗauki kwafinsa dukka da manhajar ddrescue zuwa faifai mai girmansa ko fiye, sannan a nemi fayilolin daga kwafin.

An riga an goge?

Daina amfani da faifan. Manhajar PhotoRec na iya tono da yawa, sai dai ba da sunayensu na asali ba, kuma a wani faifai dabam za a ajiye su. A SSD, faifan da ba shi da faranti mai juyawa, damar kaɗan ce, saboda yakan share gurbin abin da aka goge da kansa.