Waiwaye: Tun Yaushe Aji da Kantar Littattafai Suka Raba Gari a Karatun Laburare?

Duk wanda ya halarci taron tsofaffin ɗaliban wani sashen nazarin laburare a 'yan shekarun nan ya san inda zance yake karkata. Da an gama gaishe-gaishe, mai lacca ya koma mazauninsa, sai wata dattijuwa da ta yi shekara talatin tana aiki tsakanin kantocin littattafai ta miƙe ta ce yaran da ake yaye musu yanzu ba su iya zama da mai neman littafi su lalubo ainihin abin da ya kawo shi ba. Wani malami daga sashen ya amsa mata cikin ladabi: "Ranki ya daɗe, zamanin akwatin kati ya wuce, aikin yanzu na sarrafa bayanai ne a kwamfuta." Daga nan a faɗa kan maganar suna, ko a bar kalmar laburare a allon ƙofar sashen, ko a goge ta a rubuta kimiyyar bayanai. Mafi yawan masu wannan muhawara suna ɗora ta a kan intanet. Ruwa ba ya tsami banza, amma tsamin wannan ya girmi intanet da gomman shekaru.

Farkon labarin sananne ne, duk ɗalibin aji ɗaya ya haddace shi. Melvil Dewey ya buɗe makarantar koyon aikin laburare a Kwalejin Columbia da ke New York a 1887 da ɗalibai 20, 17 daga cikinsu mata. Bayan shekara biyu makarantar ta koma Albany, cikin laburaren jiha. Wasu suka biyo baya, Pratt a 1890, Drexel a 1892, sai ta Landan a 1919. Wannan ne ake maimaitawa a jawabin buɗe taro, a yi tafi a wuce.

Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne inda da yawa daga makarantun farko suke zaune. A cikin laburare suke. Manyan laburaren jama'a na Pittsburgh da Atlanta da New York da Los Angeles kowanne yana da tasa makarantar. Malamar da ta koyar da rarraba littattafai da safe, ita ce za ka tarar da la'asar tana rarraba su da hannunta. Ɗalibi yana fita daga aji ya faɗa cikin aikin. A irin wannan zama, tsohon ɗalibi ba baƙo ba ne da sai an aika masa takardar gayyata, domin sau da yawa yana cikin ginin, ko kuwa shi ne ma malamin.

Sai rahoton da ya fito a shekarar 1923. Gidauniyar Carnegie, wadda ta kashe dukiya mai yawa wajen gina laburare, ta so ta san waɗanne irin mutane ne ke tafiyar da su. Ta ɗora wa Charles C. Williamson aikin bincike, ya bi makarantu 15 ya duba malamansu da darussansu da kuɗin da suke samu. Abin da ya gano ba mai daɗin ji ba ne, kuma gaskiya ne. Kusan rabin malaman ba su da digirin jami'a. Sama da kashi 40 cikin ɗari suna koyarwa ne a makarantar da ta yaye su, abin da aka koya musu shi suke juyewa ba ƙari. Littattafan koyarwa sun yi ƙaranci, albashi bai taka kara ya karya ba, kuma ana ɓata lokacin ɗalibi kan ayyukan da akawu zai iya koya cikin mako guda. Ya ba da shawarar a bambanta aikin ƙwararru da aikin akawu, a daina ɗaukar wanda ba shi da digirin farko, sannan a kwashe makarantun daga cikin laburare a kai su jami'o'i.

An karɓi shawarar da hannu biyu. Ƙungiyar laburare ta Amurka ta kafa hukumar tantance makarantu a 1924. A 1926 aka haɗa makarantar Albany da ta laburaren jama'a na New York aka mayar da su Columbia. A wannan shekarar aka ba Jami'ar Chicago kuɗin kafa makarantar da za ta yi bincike har zuwa digirin digirgir, ta buɗe a 1928, kuma da gangan aka ɗauko wasu malamanta daga fannoni irin su ilimin koyarwa. Zuwa 1951 digiri na biyu ya zama tikitin shiga sana'ar a Amurka.

Ba na cikin masu cewa an yi kuskure. Ba don wannan ƙaura ba, da har yau ana kallon ma'aikacin laburare a matsayin mai kakkaɓe ƙura da buga hatimi. Amma kowace ƙaura da kayan da ake mantawa a tsohon gida. Da sashen ya shiga jami'a, sai ya shiga ƙarƙashin ma'aunin jami'a, kuma jami'a a ko'ina da maƙalu da digirori take auna malaminta. Shekara goma da mutum ya yi yana amsa tambayoyin masu karatu ba ta da gurbi sosai a takardar neman ƙarin girma. Sannu a hankali sai aka sami malamai masu zurfin ilimi da ba su taɓa riƙe laburare ba, aka kuma sami gogaggun ma'aikata da ba su da takardar da za ta ba su damar tsayawa gaban aji. Ba wani mutum ne ya shirya hakan ba, tsarin ne ya haife shi. Ƙorafin ma bai jira ba: tun a 1931 wani ma'aikacin laburare ya buga maƙala yana tambayar ko sana'ar tana buƙatar wata kimiyya ta kanta, wani malamin Chicago ya ba shi amsa a rubuce. Ka ɗauki hujjojinsu ka ajiye kusa da na dattijuwar nan da malamin da ya amsa mata, da ƙyar za ka bambanta.

A nan ne, a fahimtata, taron tsofaffin ɗalibai ya ɗauki nauyin da ya fi zumunci. Tunda malami ya bar kantar littattafai, ma'aikaci kuma ya bar aji, ranar laccar tsofaffin ɗalibai ta zama ɗaya daga cikin 'yan ranakun da ɓangarorin biyu suke zama a ɗaki guda. A nan ne wadda ke kula da laburaren asibiti za ta gaya wa malaminta na dā irin tambayoyin da likitoci suke zuwa da su, mai kula da tsofaffin rubuce-rubucen hannu ya faɗi abin da danshi da gara suke yi wa takarda, ɗalibin ajin ƙarshe ya ji da kunnensa abin da zai tarar. Aikin da a dā ake yi kullum ba tare da an sa masa suna ba, ya koma na wuni ɗaya a shekara.

Da karatun ya iso Afirka, da wannan tsari ya zo. Bayan taron UNESCO na Ibadan a 1953 da rahoton Harold Lancour, wani masanin laburare ɗan Amurka, aka kafa cibiyar koyon aikin laburare a Ibadan a 1959, cikin jami'a tun ranar farko. Makerere ta Uganda da Dakar suka fara nasu a 1963, Zariya a 1968. Ibadan ta karkata ga masu digiri, Zariya ta buɗe digirin farko a fannin, aka yi ta jayayya kan ko shugabanni ake buƙata ko ma'aikata. Tambayar 1923 ce ta sake riga.

Sauran labarin ya zo da sauri. Makarantar laburare ta Jami'ar Syracuse a Amurka ta koma makarantar nazarin bayanai a 1974. Daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon na 1990 aka rufe makarantun laburare fiye da goma a Amurka, har da ta Chicago da ta Columbia, wadda ta rufe ƙofa a 1992. Waɗanda suka tsira da yawa suka sauya suna, Michigan ta yi haka a 1996, kuma zuwa 2005 makarantun bayanai sun haɗa kai sun kafa ƙungiyarsu. Sassan sun tsinci kansu a tsaka mai wuya: jami'a na ganin bincikensu bai kai ba, 'yan sana'a na ganin sun yi nisa da aiki.

Abin da ke damuna shi ne yadda wunin nan guda ɗaya ma yake ƙanƙancewa. Na halarci tarukan da rabin lokacin ya tafi wajen gabatar da manyan baƙi da raba lambobin yabo, kwata wajen neman gudummawa, mai lacca ya karanta takardarsa cikin gaggawa, mai gabatarwa ya ce lokaci ya ƙure, tambaya biyu kawai za a ɗauka. Neman gudummawa ba laifi ba ne, sassan suna buƙatar kwamfutoci da kujeru. Amma a ɗaya daga cikin tarukan nan na ga wani tsohon ɗalibi da ya zo da takarda a aljihu, ya rubuto abubuwa biyar da yake so a ƙara a kwas ɗin tsara littattafai. Hannunsa na sama aka rufe taro da addu'a, ya ninke takardar ya mayar aljihu, muka fita ɗaukar hoto.