Wai mene ne CNC ɗin nan da kafintoci ke ta faɗa?

Kwanaki na raka abokina Sabon Gari zai ba da aikin gadon amarya, kafintan ya ce kan gadon sai an kai wa CNC, mutumina ya juyo ya ce min shi wannan CNC ɗin a wace unguwa yake. To ba mutum ba ne, inji ne da kwamfuta ke tuƙawa. Za ka zana fulawar da kake so a kwamfuta, ita kuma ta mai da zanen lambobi tana ce wa bakin injin matsa hagu kaza, dama kaza, nutsa cikin katakon milimita kaza, haka zai ta sassaƙa har ya gama. Kuma fa ba sabon abu ba ne, tun 1952 aka gwada kakansa a jami'ar MIT ta Amurka, lokacin da takarda mai huje-huje ake ba shi umarni.

Mu Zazzagawa ma mun san ɗan'uwansa, keken nan na aikin kwamfuta da teloli ke yi wa kaftani aiki a wuya da shi, duk dabarar ɗaya ce.

Ni abin da ya burge ni shi ne yadda injin da kafinta suke raba aikin. Injin ya ɗauke mai wahalar da maimaici, ƙofa goma iri ɗaya ba kuskure, kuma kwamfutar tana jera yankan a jikin falanki yadda guntayen da za a zubar ba su da yawa, ga shi abin da aka yi oda kawai za a yanka, ba a tara kaya su yi ta shan ƙura a shago. Amma injin bai san katako ɗanye ba ne ko busasshe, bai san inda zai tsage ba, wannan sai idon kafinta, sannan gugar sanfefa da haɗawa da fenti duk hannu ne. Kamar dai babbar riga mai aska takwas ta cikin Birni, keke zai zuba maka aikin a yini guda amma wanda ya san riga daga nesa zai gane wadda aka yi makonni ana yi mata da allura.

Matsalar dai wuta, in ta ɗauke ana tsakiyar sassaƙa falankin na iya tashi a banza, shi ya sa kuɗin man janareta ma sai da ya shiga cikin kuɗin gadon abokina.