Zaɓen Shugaban Ƙaramar Hukumar AMAC a Abuja

Zaɓen shugaban ƙaramar hukumar AMAC (Abuja Municipal Area Council, wato ƙaramar hukumar birni da kewaye) shi ne zaɓen da mazauna birnin Abuja da ƙauyukan da ke kewaye da shi suke yi don fitar da ciyaman da mataimakinsa da kansiloli 12. Abuja ba ta da gwamna, ba ta da majalisar dokokin jiha, ba ta kuma da magajin gari irin na Landan ko Faris. Saboda haka kujerar ciyaman na AMAC ita ce mafi kusa da ta magajin gari, kuma ita kaɗai ce kujerar zartarwa da mutumin Garki ko Nyanya yake zaɓa da ƙuri'arsa, in ban da ta shugaban ƙasa. Hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, ita ke shirya zaɓen, a rana ɗaya da na sauran ƙananan hukumomi biyar na Babban Birnin Tarayya: Abaji, Bwari, Gwagwalada, Kuje da Kwali.

Me ya sa Abuja ba ta da magajin gari

Gwamnatin Janar Murtala Muhammed ce ta kafa Babban Birnin Tarayya da Doka ta 6 ta watan Fabrairun 1976, bayan kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda ya ba da shawarar a ɗauke fadar gwamnati daga Legas. An yanko ƙasar daga tsofaffin jihohin Neja da Filato da Kwara. Sunan ma aro aka yi: tsohon garin Abuja na Hausawan Zazzau ya bar wa sabon birni sunansa, shi ya koma Suleja. Gwamnati ta tare a hukumance ranar 12 ga Disamban 1991, zamanin Janar Ibrahim Babangida.

Tun daga farko an tsara birnin a matsayin na kowa da kowa, kuma ma'anar wannan a doka ita ce yana hannun gwamnatin tarayya. Sashe na 299 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a ɗauki yankin tamkar jiha, amma Majalisar Tarayya ce ke yi masa doka, ikon gwamna kuma yana wurin shugaban ƙasa. Sashe na 302 ya ba shugaban ƙasa damar naɗa minista ya riƙe masa wannan iko. Nasir El-Rufai ya riƙe kujerar daga 2003 zuwa 2007, Bala Mohammed daga 2010 zuwa 2015, Muhammad Musa Bello daga 2015 zuwa 2023, sai Nyesom Wike da ya karɓa a Agustan 2023. Babu ko ɗaya a cikinsu da mutanen Abuja suka zaɓa.

An sha kai ƙudurin ƙirƙiro ofishin magajin gari gaban Majalisar Tarayya. A gyaran kundin tsarin mulki da aka kaɗa wa ƙuri'a a Maris na 2022 ƙudurin ya sake zuwa, amma bai samu kashi biyu cikin uku da ake buƙata a Majalisar Dattawa ba, sai ya faɗi. Waɗanda suka fi jin zafin faɗuwarsa su ne 'yan asalin yankin, wato Gbagyi da Gwandara da Gade da Koro da Bassa da sauransu, waɗanda gonakin kakanninsu ne suka zama Maitama da Asokoro. Ƙorafinsu mai nauyi ne, domin ɗan kowace jiha yana da gwamnan da zai zaɓa ko ya kayar, su kuwa sanata ɗaya da 'yan majalisar wakilai biyu kawai suke da su.

Mazaɓu da masu zaɓe

Mazaɓu 62 ne a Babban Birnin Tarayya. Kowace ƙaramar hukuma tana da goma, AMAC ce kaɗai take da 12: City Centre, Garki, Wuse, Gwarinpa, Kabusa, Gui, Jiwa, Gwagwa, Karu, Nyanya, Orozo da Karshi. Sakatariyarta tana Area 10 a Garki. A ƙidayar 2006 an samu mutum 776,298 a cikinta, fiye da rabin mutanen yankin gaba ɗaya, kuma wanda ya ga yadda Lugbe da Karmo da Kabusa suka cika suka batse daga wancan lokaci ya san adadin ya daɗe da zama tarihi.

Waɗannan mazaɓu ba tsara ba ne. A cikin AMAC fadar shugaban ƙasa take, da Majalisar Tarayya, da Kotun Ƙoli, da ofisoshin jakadanci. A cikinta kuma akwai unguwannin da mai ruwa ke tura kura gida-gida saboda famfo bai kai ba. Ma'aikacin gwamnati da ke zaune a Wuse 2 bai cika sanin sunan kansilansa ba, don titin ƙofar gidansa da fitilarsa da kwashe shararsa duk suna hannun hukumomin da ke ƙarƙashin minista. Mutumin Gwagwa ko Karshi kuwa ya san ciyaman, ya san kansila, ya san gidansu, saboda makarantar firamaren 'ya'yansa da ƙaramin asibitin da matarsa ke zuwa awo da rumfarsa ta kasuwa duk daga can ake kula da su. Wannan bambanci shi ne ke yanke hukuncin zaɓen kusan kowane lokaci. Tsakiyar birni tana da masu rajista da yawa amma ba sa fitowa, ƙauyuka da unguwannin gefe su ke kafa layi.

Hausawa suna da kaso mai tsoka a wannan layi. Masarautun Jiwa da Karshi sun girmi birnin, kuma Hausa ita ce harshen ciniki da siyasa tsakanin ƙabilun yankin tun kafin a zo da taswirar sabuwar Abuja. Daga baya 'yan kasuwa da mahauta da masu sana'ar hannu daga Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya suka ƙaru a Wuse da Garki da Gwagwa da Karmo. Ɗan takarar da ke neman ciyaman ba ya tsallake gaisuwa wurin sarakunan Hausawa na unguwanni da limamai da shugabannin kasuwa, kamar yadda ba ya tsallake fadar Sa'peyi na Garki ko ta Sa'karuyi na Karu ko majami'u. Sai dai da yawa daga cikin baƙi katin zaɓensu yana gida, ba su mayar da rajistarsu Abuja ba, don haka yawansu a kasuwa ya fi yawansu a rumfar zaɓe.

Sharuɗɗan takara da yadda ake cin zaɓe

Dokar Zaɓe ta 2022 ta ce mai neman kujerar ya zama ɗan Najeriya, mai rajistar zaɓe, mai ilimin da ya kai na sakandare, kuma jam'iyya ce ta tsayar da shi. Shekara 30 ake buƙata ga ciyaman da mataimaki, 25 ga kansila. Wanda aka zaɓa ciyaman sau biyu ba ya sake tsayawa. Doka ba ta ce sai ɗan asalin Abuja ba, amma a aikace manyan jam'iyyu sun fi ba 'yan asalin tikiti, su kuma suna kallon kujerar a matsayin ɗan abin da ya rage musu.

Yawan ƙuri'a kaɗai ba ya wadatarwa. Dole wanda ya zo na ɗaya ya samu aƙalla rubu'in ƙuri'un da aka kaɗa a kashi biyu cikin uku na mazaɓu, wato takwas daga cikin 12 a AMAC. Idan ba a samu haka ba sai a je zagaye na biyu. Hikimar sharaɗin a fili take: kada mutum ya dogara da ƙauyensa da maƙwabtansa kawai ya mulki sauran.

Wa'adin shekara uku ne a da, dokar 2022 ta mayar da shi huɗu. Wanda bai yarda da sakamako ba yana kai ƙara kotun sauraron ƙararrakin zaɓen ƙananan hukumomin yankin, wadda Babban Jojin Abuja ke kafawa, daga nan sai kotun ɗaukaka ƙararta, kuma a nan magana take ƙarewa.

Abu ɗaya ya raba wannan zaɓe da na ƙananan hukumomi 768 na jihohi. A can hukumomin zaɓe na jiha ke shirya shi, kuma an saba ganin jam'iyyar gwamna ta kwashe kujeru duka. A Abuja INEC ce da kanta, shi ya sa ake iya kayar da jam'iyya mai mulki, kuma an kayar da ita. Masu neman a karɓe zaɓen ƙananan hukumomi daga hannun gwamnoni sukan kafa hujja da Abuja.

'Yan takara da zaɓuɓɓukan baya

PDP ta daɗe riƙe da AMAC. Zephaniah Jisalo ya yi wa'adi biyu, Micah Jiba ya gaje shi a 2010 ya riƙe har 2016. Dukansu daga baya sun wakilci mazaɓar AMAC da Bwari a Majalisar Wakilai, Jisalo kuma ya zama minista a 2023, ɗan asalin Abuja na farko da ya samu wannan muƙami. Kujerar ciyaman, ke nan, tsani ce.

A Afrilun 2016, shekara ɗaya bayan Muhammadu Buhari ya hau mulki, Abdullahi Adamu Candido ya ci wa APC kujerar, aka sake zaɓensa a Maris na 2019.

Zaɓen 12 ga Fabrairun 2022 ya fi sauran tashin ƙura. APC ta shiga shi da rigimar cikin gida, domin Suleiman Alhassan Gwagwa da Murtala Usman Karshi kowa yana cewa shi ne ya ci zaɓen fidda gwani, kuma shari'a ta ja har magoya baya suka rasa wa za su yi wa kamfen. Christopher Zakka Maikalangu na PDP ya amfana da wannan ɓaraka, ya samu ƙuri'a dubu 19 da 'yan kai, APC ta samu dubu 13 da 'yan kai. A yankin gaba ɗaya an yi raba-daidai: PDP ta ɗauki AMAC da Bwari da Kuje, APC ta ɗauki Gwagwalada da Kwali da Abaji. Kotun zaɓe ta farko ta soke nasarar Maikalangu ta ba Murtala Karshi na APC, amma kotun ɗaukaka ƙara ta mayar wa Maikalangu da kujerarsa. A wannan zaɓen aka yi amfani da na'urar BVAS mai tantance yatsa da fuska a faɗin yankin, shekara ɗaya kafin babban zaɓen 2023, bayan INEC ta ƙara rumfunan zaɓen Abuja daga 562 zuwa 2,822. Na'urar ta ba da wahala a rumfuna da dama, wasu sababbin rumfunan kuma ma'aikata sun wuni babu mai zuwa. Waɗanda suka fito a AMAC ba su kai kashi 10 cikin 100 na masu rajista ba. Abin damuwa ne a ce 'yan dubbai ne ke zaɓar wa babban birnin ƙasa shugaba.

Wanda ya kwatanta wannan da zaɓen shugaban ƙasa na 2023 zai ga kamar garuruwa biyu ne. Ranar da tsakiyar birni ta fito, Peter Obi na jam'iyyar Labour ya ci Abuja da rata mai yawa, Ireti Kingibe ta kayar da Sanata Philip Aduda wanda ke kan kujerar tun 2011. Waɗannan masu zaɓe su ne ba sa leƙowa ranar zaɓen ciyaman.

Kafin zaɓen 21 ga Fabrairun 2026 Maikalangu ya sauya sheƙa zuwa APC, kuma Minista Wike ya mara masa baya a fili duk da cewa shi Wike ɗan PDP ne. Babban abokin karawarsa shi ne Moses Paul na ADC, wanda ya nemi ya zaburar da matasa da 'yan boko na cikin birni. Maikalangu ya sake ci. APC ta ɗauki ƙananan hukumomi biyar, PDP ta tsira da Gwagwalada, a AMAC kuma wannan karon ma jama'a ba su fito sosai ba.

Abin da ciyaman ke iyawa da abin da ya fi ƙarfinsa

Ciyaman na AMAC ba ya raba fili. Ƙasar Babban Birnin Tarayya duka mallakar gwamnatin tarayya ce, minista ne ke sa hannu a takardar mallaka, kuma sashen kula da gine-gine da ke ƙarƙashinsa ne ke tura motar rusau. Mutane da yawa sun sayi fili da takardar ƙaramar hukuma ko ta dagaci, daga baya aka ce musu ba ta da tushe. Manyan tituna da gadoji aikin FCDA ne, wato hukumar raya babban birnin, tsaftar tsakiyar birni kuma ta AEPB ce, wato hukumar kare muhalli ta Abuja. Don haka ɗan takarar da ya yi alkawarin hana rusau a Karmo ya yi alkawarin abin da ba nasa ba, iyakarsa ya je ya roƙi minista.

Abin da ke hannunsa shi ne makarantun firamare, da ƙananan asibitoci, da kasuwanni da tashoshin mota na unguwa, da hanyoyin karkara, da rijiyoyin burtsatse, da rajistar aure, da wasu haraji. Harajin nan shi ne inda mazauna birni suka fi haɗuwa da AMAC, kuma shi ne inda suka fi kuka. Masu shaguna da masu motocin kaya sun daɗe suna ƙorafin cewa hukuma fiye da ɗaya ke karɓar kuɗi a kan abu ɗaya, kuma kowane ɗan takara yana alkawarin gyara wannan.

Nauyin kujerar ya fito fili a 2025, lokacin da malaman firamare na ƙananan hukumomin shida suka tafi yajin aiki a watan Maris saboda ba a biya su mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da bashin da suke bi ba. Makarantu sun zauna a rufe fiye da wata uku. 'Ya'yan masu hali suna makarantun kuɗi, ba su rasa darasi ba. 'Ya'yan Nyanya da Jiwa da Gui ne suka zauna a gida ko suka koma talla. Sai a watan Yuli, bayan minista ya shiga tsakani aka amince a cire wani kaso na kuɗin shigar ƙananan hukumomin don rage bashin, malamai suka koma aji.