Muhasaba

Muhasaba, a ilimin tarbiyyar Musulunci, ita ce mutum ya riƙa bin diddigin ayyukansa da niyyoyinsa domin ya ga kansa yadda yake, ba tare da son zuciya ya rufe masa ido ba. Malamai na kafa hujja da aya ta 18 a Suratul Hashri, da kuma maganar da ake jingina wa Sayyidina Umar cewa mutane su yi wa kansu hisabi tun kafin a yi musu.

Tarihi

Wanda ya fi shahara da wannan fanni shi ne Harisu ɗan Asad, wanda ake wa laƙabi da Muhasibi. An haife shi a Basra wajen shekarar 781, ya rasu a Bagadaza a 857 (243 Hijiriyya). A littafinsa Ar-Ri'aya ya yi dogon bayani kan riya da jiji da kai da girman kai da ruɗin zuciya, ya nuna yadda mai ibada kan yaudari kansa alhali yana zaton gyara yake yi. Junaidu na Bagadaza na cikin waɗanda suka yi karatu a wurinsa. Imamu Ahmad ɗan Hanbali ya soki shigar Muhasibi ilimin kalam, wato tattauna aƙida da hujjojin hankali.

Imamu Gazali (1058–1111), wanda da kansa ya ce ya karanta littattafan Muhasibi, ya tsara al'amarin a littafinsa Ihya'u Ulumid Din bisa misalin ɗan kasuwa da abokin cinikinsa: farillai su ne uwar kuɗi, nafilfili riba, saɓo kuwa asara. Da safe a gindaya wa zuciya sharaɗi, da rana a sa mata ido, da dare a zauna lissafi. In ta gaza, a hore ta, a matsa mata, a yi mata faɗa.

Sai dai Gazali bai yarda ido yana ganin kansa ba. Saboda haka ya kawo hanyoyi huɗu na gane aibin kai: zama gaban malami mai basira, riƙon aboki mai faɗin gaskiya, sauraron abin da maƙiya ke faɗa, da lura da abin da mutum ke ƙi a halin wasu sannan ya nemi irinsa a tare da shi. Ta ukun ta fi ɗaci, amma a ganinsa maƙiyi mai tona aibi ya fi aboki mai daɗin baki amfani.

Saɓani

Maganar nan da ta yaɗu, wai wanda ya san kansa ya san Ubangijinsa, Nawawi ya ce ba ta tabbata hadisi ba, Ibn Taimiyya kuwa ya ce ƙirƙirarta aka yi. Wasu na danganta ta ga Yahaya ɗan Mu'azu Ar-Razi.

A yau

A ƙasar Hausa an fi jin kalmar a bakin masu wa'azi, musamman cikin azumi da ƙarshen shekarar Hijira.